Dabinon Tabawa

Jiya da hantsi ina zaune ina maimaita amsoshin da zan ba alƙali, sai ga maƙwabciyata Tabawa da kwalin dabino a ka.

Jibi ne za a saurari maganata. Tun da kafilina, wanda ya tsaya mini a ƙasa mai tsarki, ya rasu, igamata, wato takardar izinin zama, ta mutu, yanzu ko a bar ni a unguwarmu Utaibiyya, ko a yi mini tarhil, a mai da ni gida.

Ta sauke kwalin ta ce, "Yaya Hajara, saƙo ne, ki kai wa Innata a Kano."

Na ce, "Haba Tabawa, ai ba a yanke hukunci ba tukuna!"

Ta ce, "Wallahi kullum roƙona a Harami ki zauna. Amma in Allah Ya ƙaddara jirgi, ya tafi ba tsaraba?"

Dariya ta ƙwace mini. Na ce, "To, in aka bar ni fa?"

"Halas, sai mu cinye shi a walimarki!"

Ga kwalin nan a gefen gado, ko ɗaya ban taɓa ba, amana ce. 'Yan'uwa, ku taya ni addu'a, Allah Ya sa a Utaibiyya za a ci dabinon nan.