Ruwan Famfo a Taraktar Pleasant Garden

Asabar: Funtuwa zuwa Abuja

Ƙarfe huɗu da minti arba'in na asuba na ja ƙofar gidana a Funtuwa, cikin watan Janairu. Shekara talatin da takwas ina kwance injin gas ina ɗaurawa, na tirela da na tarakta da na ban-ruwa, amma ban taɓa hawa jirgin sama ba sai da 'yata Hadiza ta haihu a Amurka ta aiko in zo. Uwarta ta riga mu gidan gaskiya, shi ya sa tafiyar ta faɗo kaina.

Mu shida ne a motar haya. Mun yi sallah a Giwa, muka sha shayi a Mararrabar Jos, muka wuce shinge tara kafin Zuba, kowanne da hannu a miƙe. Tun daga Zariya na gaya wa direban fanbel ɗinsa ba zai kai Tafa ba. Ya ce, "Baba, ka zauna dai ka yi tasbihi." A Katari ya tsinke. Ni na sauka na ɗaura masa wani cikin minti goma sha biyu, fasinjoji suna ta sa mini albarka. Na kawo wannan ne don ku san irin girman kan da na bar gida da shi.

Lahadi da Litinin: Greensboro

Jirgi uku na hau. Na farko ya kwana da mu a sama, na biyu ya haye teku, na uku ɗan ƙarami ne mai rawar jiki kamar tsohuwar akori-kura. A filin jirgi na biyu na sayi shayi kofi ɗaya dala biyar, babu madara babu burodi, na sha ina istigfari. Ƙarfe bakwai na yammacin Lahadi Hadiza da mijinta suka ɗauke ni zuwa gidansu a East Greensboro, kusa da jami'ar da yake koyarwa. Na ga jika, na tofa masa addu'a, na yi barci kamar gawa.

Washegari da la'asar sai ga Yohanna. Mutumin Zonkwa ne, ya girme ni da shekara huɗu, tare muka yi aiki a garejin wata hukumar noma a Funtuwa muna samari. Shi ne mai sito a lokacin. Ya san lambar kowane noti a ka, amma bai taɓa ɗaure ko ɗaya ba. Muka rungume juna, ya ce na tsufa, na ce shi ma gashin kansa ya yi hijira ya bar shi.

Ba gaisuwa kaɗai ta kawo shi ba. A Pleasant Garden yana noma eka uku a filin wata tsohuwa Baturiya da mijinta ya rasu. Shekara tara yana shuka gauta da yakuwa da rama da kuɓewa, mutanenmu na coci da na masallaci suna zuwa saye. Ɗan tsohuwar yana so ya sayar da filin ga masu gina gidaje ya tafi da uwarsa jihar da yake. Ita kuwa ta ce muddin taraktar mijinta tana juya ƙasar nan, ba inda za ta. To tun kaka taraktar ta ƙi tashi, ɗan kuma zai zo ran Asabar ya gani da idonsa. In ta tashi, an ƙara wa Yohanna shekara. In ba ta tashi ba, gona ta tafi.

"Sule, makanikan nan sai sun jona kwamfuta kafin su san ciwon inji," in ji shi. "Wannan kuwa tsohuwa ce irin tamu. Kai kaɗai na sani."

Na ce ya kwantar da hankalinsa, kamar an gama.

Talata: Pleasant Garden

Ƙarfe shida da rabi ya zo da motarsa, tsohuwar akori-kura mai shan gas wadda sai an jira hita ta yi zafi kafin a murza maɓalli. Mil goma sha biyu ne, muka yi minti ashirin da biyar. Ba shinge, ba ɗan sanda, ba mai tafiya a ƙasa ko ɗaya. Gidaje can nesa da juna, kowa da filinsa, kai ka ce gaba suke yi.

Taraktar tana ƙarƙashin wata rumfar kwano marar bango. Ja ce, silinda uku, irin wadda na yi wayo a kanta. Da na ɗora mata hannu sai na ji kamar na ga ɗan garinmu. Na buga kik, ta yi tari, ta fesa farin hayaƙi, ta mutu. Kafin azahar na gano ciwonta: ruwa da dauɗa a tanki, filta ta toshe, ƙaramin famfon mai ya gaji, nozul ɗaya ba ya feshi. Sai kuma tiyon lagireto na ƙasa da ya tsattsage yana zufa.

Tsohuwar ta fito da sandar dogarawa ta kawo mana kofi da wani biskit mai kirfa. Yohanna yana ce mata Mama. Ta ce ya gaya mini mijinta bai taɓa barin kowa ya taɓa injin nan ba, amma hannuna ya yi mata kama da nasa. Na ji daɗin maganar har cikin raina, ba zan ɓoye ba.

Laraba: Summerfield

Kayan gyara sai arewacin birni, wajen wani dattijo mai tara matattun taraktoci a bayan gidansa. Mil ashirin da shida daga gonar, minti arba'in, ta gefen filayen dawaki masu farin shinge. Ranar rana ta fito sosai har na cire rigar sanyi. Dattijon ya zaƙulo mana famfo da filta biyu da nozul da tiyo, duka dala ɗari da tamanin da biyar. Da ya ga na hura nozul na saurara da kunne, sai ya gyaɗa kai ya ce wani abu. Turancinsa ta hanci yake fita, ban kama ko kalma ba.

Da ya miƙo tiyon sai ya haɗo da jarka biyu na koren ruwan nan da muke kira kulan. Na san shi sarai. A gida masu shago ke tallarsa wai yana sanyaya inji, mu kuwa a gareji dabarar cin kuɗi muka ɗauke shi. Ruwan rijiya muke zubawa, tirela ta je Legas ta dawo lafiya. Na ture jarkokin. Na ce wa Yohanna, ƙasar da ake sanyi haka, me inji zai yi da abin sanyaya shi? Dattijon ya sake magana, Yohanna ya ce wai yana cewa injin na bukatarsa. Na ce ya gaya masa shekarata talatin da takwas a wannan sana'a. Dattijon ya ɗaga kafaɗa ya mayar da su kanta, ina jin ya zaci muna da wani a gida. An ce matambayi ba ya ɓata, to ni ban tambaya ba, kuma minti ɗaya ya isa.

Alhamis: gona

Tun bakwai muka fara. Na sauke tanki na wanke, na sa filta da famfo, na ɗaura nozul, na fitar da iska daga layin mai ɗaya bayan ɗaya. Da na cire tsohon tiyo, koren ruwa ya zubo a bokiti, ya yi duhu da tsatsa. Na nuna wa Yohanna na ce dubi ƙazantar da suke ba inji. Na jawo tiyon ban-ruwa na wanke lagireto sau uku har ruwa ya fito fes, sannan na cika shi da ruwan famfo zalla na rufe.

Ƙarfe biyu da kwata na buga kik sau ɗaya. Ta tashi. Ƙara mai daɗi, ba tari ba ɗingishi. Yohanna ya haye ya zagaya gona sau biyu da garma yana waƙar coci da yarensu, tsoho ɗan shekara sittin da bakwai. Tsohuwar tana bakin ƙofa tana share ido. Matar Yohanna, Anti Rifkatu, ta kawo tuwon masara da miyar busasshiyar kuɓewa, muka ci a bayan mota. Da za mu tashi muka mayar da taraktar rumfa.

Juma'a: East Greensboro

Na huta a gida, na bi surukina masallaci inda na sami 'yan Nijar da yawa, muka gaisa da mutanen Maraɗi da Damagaram. Da muka fito iska ta juya, tana yankan kunne. Bayan magariba na ga Hadiza tana bin famfunan gida tana buɗe kowanne kaɗan, ruwa na ɗiga. Na yi mata faɗan almubazzaranci.

"Baba, yau za a yi firizin sosai, sanyin da ke daskarar da ruwa," ta ce. "In ruwa ya daskare a fayif, fasa shi yake yi."

Dariya na yi. Na ce ruwa ne zai fasa ƙarfe? Ta ce ko wane iri ne. Na ji da kunnena, na yi dariya, na je na ɗauki jikana ina masa wasa. Wallahi taraktar ko faɗo mini ba ta yi ba. Wannan ne abin da ya fi ci mini rai har yau, domin a lokacin minti ashirin da biyar da sifana ɗaya sun isa a zubar da ruwan.

Asabar: Pleasant Garden

Motar Yohanna sai da muka yi mata hita sau uku kafin ta yarda. Ciyawa duk ta yi fari da raɓar da ta daskare. Ƙarfe takwas saura muka isa. Wani bokitin ruwan famfo da na bari a bakin rumfa ya zama dutse, gindinsa ya kumbura ya tsage. Ina ganinsa na tuna da taraktar. Na zagaya gefen inji. Ƙanƙara ce ta zubo daga jikin bulok, wato gangar jikin injin, kamar kakin kyandir, ƙarƙashinta tsaga ta fi tsawon tafin hannuna. Na buɗe murfin lagireto na sa yatsa, na taɓa dutse. Sai a nan na gane koren ruwan nan ne ke hana daskarewa.

Yohanna ya tambaye ni ko in buga kik. Na ce kada ya taɓa. Ya dubi fuskata, ya dubi tsagar.

Ƙarfe goma ɗan tsohuwar ya iso, dogo mai ladabi, ya miƙa mana hannu. A gonar nan ya girma, bai bukaci bayani ba. Ya leƙa lagireto, ya tsuguna ya daɗe yana kallon bulok, sannan ya tambayi wanda ya zuba ruwa zalla. Wannan Turancin kam na ji shi tsaf. Kafin in buɗe baki Yohanna ya ce, "Ni ne." Ni kuma ina tsaye da baƙin mai a farcena, na bar mai sito ya ɗauki laifin bakanike.

Tsohuwar ta fito a hankali, ɗan yana riƙe da ita. Ta shafa jikin taraktar, ta ce wa Yohanna ba komai, ya yi ƙoƙari. Ni ba ta dube ni ba. Ina jin ta sani.

A mota na ce wa Yohanna don me. Ya ce, "Baƙona ne kai. Kuma bizarka ta ziyara ce, ba ta aiki ba, kada magana ta yi tsawo." Na ce a gida da walda za mu yi wa bulok ɗin. Ranar Litinin muka koma muka buɗe, tsagar ta shiga har cikin silinda, ruwa ya haɗu da mai. Dattijon Summerfield ya ce ba shi da irin bulok ɗin, in ma an samu, kuɗinsa da na aiki sun fi darajar taraktar. Bai ce ai na gaya muku ba. Da ya faɗa ma da na fi samun sauƙi.

Komawa gida

Mako biyar na ƙara a Greensboro, ban sake taɓa sifana ba. Kafin in taso an kafa allon sayarwa a bakin gonar, an fara ɗaure wa tsohuwar kaya a kwalaye. Yohanna ya ci gaba da zuwa gaishe ni duk Lahadi bayan coci, yana zolayata kamar da, ko sau ɗaya bai ɗaga maganar ba. Shi ya nace zai kai ni filin jirgi. A bakin ƙofa ya zaro wata leda daga aljihun rigar sanyi, cike da ƙananan ambulan, kowace da rubutunsa na mai sito: gauta fara, gauta mai ɗaci, yakuwa ja, rama, kuɓewa doguwa.

"Iri ne. Shekara tara ina zaɓen su," ya ce. "Ka kai su gida, Sule. Kai kana da inda za ka shuka."

Na nemi gafararsa a nan, mutane suna wucewa da jakunkuna. Ya ce ya yafe tun ranar, in yi sauri kada jirgi ya bar ni.

Jirgi uku kuma, sai motar haya daga Zuba. Injin motar yana wani ƙara tun daga Kaduna, na ji, na kama bakina. Ƙarfe biyar da rabi na yammacin Laraba na sauka a ƙofar gidana. Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Na gode wa Hadiza da mijinta, da Anti Rifkatu, da tsohuwar da ban san ko a wace jiha take kwana yanzu ba. Yohanna kuwa ban san da bakin da zan gode masa ba. Yanzu watanni sun wuce, an yi ruwan shuka makon jiya, maƙwabta duk sun fita gona. Ledar tana nan cikin akwati, har yanzu na kasa buɗe ta.