Telar da ta kai ƙarar kwamfuta gidan rediyo

A layinsu kowa Yaya yake ce mata, har waɗanda suka girme ta. Shagonta ɗan siriri ne tsakanin mai aski da mai gyaran waya. Keken ɗinki yana bakin ƙofa inda haske ya fi, teburin yanka yana ciki, rediyo kuma a rataye jikin ƙusa sama da kwandon ƙyallaye. Ba ta da fara'a. In ka kawo ɗinki ka ce gobe kake so, sai ta miƙa maka yadinka ta nuna maka hanya. Ɗinkinta ne ba ya warwarewa, shi ya sa ake haƙuri da bakinta.

Tana budurwa iyayensu suka rasu, suka bar mata ƙane ɗaya, Auta. Da keken nan ta rene shi har ya zama direban motar haya. Allah ya ba Auta murya, kuma ba ya iya riƙe ta: a mota waƙa, a banɗaki waƙa. Ya ɗauki waƙoƙi uku a situdiyo ya kai gidan rediyon garin. Bai yi suna ba, amma wani dattijo mai gabatar da shirin hantsi ya so ɗaya daga ciki, yakan sa ta jefi-jefi. Da ciwon ƙoda ya tafi da Auta, waƙar nan ce ta rage wa Yaya. Tana da ita a waya, sai dai ta waya ita kaɗai ke ji. In ta fito a rediyo kuwa, gari ne ke jin ƙanenta.

Sai dattijon ya yi ritaya. Ba a ɗauki wani ba, aka ce yanzu kwamfuta ce ke zaɓen waƙoƙi. Wata ya wuce, wani ya bi bayansa, babu Auta babu dalilinsa. Yaya ta fara zagin rediyon kamar mutum. Duk waƙar da ta fito sai ta ja tsaki ta ce, "Wannan kuma wa ya aike shi?" Ranar da ta karya allura saboda haushi, ta rufe shago da rana tsaka ta nufi gidan rediyon.

Aka ce manaja yana taro. Bayan ta gaji da zaman benci aka haɗa ta da injiniya, wani mutum mai sanyin magana, a ɗakin da sanyin na'ura ya cika. Ta faɗa masa abin da ya kawo ta, ya duba ya nuna mata sunan Auta a allon kwamfuta.

"Ga shi nan, Mama, ba wanda ya goge shi," in ji injiniyan. "Waƙoƙi ne dubbai a rumbu ɗaya. Kwamfuta takan ciro ne kamar mai sa hannu a buhu ido rufe. Ba ta san kowa ba, ba ta fifita kowa."

"To ka sa hannunka ido buɗe ka ciro min."

"An hana. Da can masu hali ke bin masu gabatarwa ta bayan fage, waƙarsu ta yi ta fita. Wannan ya fi adalci."

Yaya ta gyara zama. "Ɗan nan, wancan mai ihun da nake ji safe da yamma, waƙarsa nawa a buhun naka?"

Injiniyan ya duba, ya ce suna da yawa ƙwarai.

"Shi yana raye, gobe ma zai ƙaro. Nawa uku ya bari, kuma ba zai ƙara ba har abada. Ka zuba tsakuwa uku cikin buhun yashi, ka ce in jira rabo, sannan ka kira shi adalci? In mutum ya hana ni, na san wanda zan yi wa Allah ya isa. Ku kun hana ni, kun ɓuya bayan akwati."

Ya ce zai tura mata waƙoƙin a waya. Ta ce ba bara ta zo ba, ta fita ba sallama.

Ta ci gaba da barin rediyon a kunne, tana ɗinki tana ƙunƙuni. Wata safiya tana kafa hannun riga, sai ga muryar Auta. Ƙafarta ta tsaya a kan feda. Mai aski ya leƙo da almakashi a hannu. Waƙar ta kusa baitin da Auta yake ambaton yayarsa sai kiɗan labarai ya faɗo a kai, domin lokaci ya yi, kuma kwamfuta ba ta jira. Yaya ta miƙe ta zare rediyon daga ƙusa, ta kai wa mai gyaran waya ta ce ya cire abin da zai yi masa amfani. Daga wajensa ta ɗauko ƙaramar sifika ta kafa a bakin ƙofa. Tun daga nan duk mai wucewa ta layin da safe sai ya ji Auta, ko yana so ko ba ya so.

Bayan wani lokaci injiniyan ya zo har shago. Ya ce maganarta ta tsaya masa a rai, ya yi ta bin manaja har aka yarda ya sauya tsarin: yanzu kwamfuta sai ta fara ciro mawaƙi, sannan ta ciro waƙa cikin nasa. Mai uku da mai ɗari sun zama ɗaya.

Yaya ba ta ɗaga kai daga keken ba.

"Har yanzu dai ido rufe take cirowa?"

"E, Mama."

"To ka gyara wa masu rai. Matsa, ka tare min haske."