Bijimin da Na Bari Ya Zama Mushe

Mu gidan fawa ne. A Yargoje aka haife ni, amma da mahaifina ya rasu sai ƙanensa, Baffa, ya ɗauke ni zuwa Yankara, inda yake yanka ranar kasuwa. Tun ban kai tsawon teburin nama ba nake riƙe masa ƙafar akuya yana fiɗa. Shi ya sa ni firamare, shi ya cire ni da na gama, shi ya yi mini aure. Ni kuwa na saka masa da taurin kai da kaifin baki, kuma ba na ɓoye wannan.

A shekarun da kuɗin mai ya shigo, lokacin da kowane ma'aikaci ke ɗaukar rediyo a kafaɗa, wata jami'a ta kafa garken gwaji a dajin da ke kan hanyar Sabuwa. An kewaye wurin da waya, aka zuba shanu, aka shafa wa kowace jan fenti a ƙaho. Wani likitan dabbobi ne ke bincike kan ciwon saifa, cutar da ke kayar da sa mai ƙiba tsakanin safe da azahar. Yana gwada sabuwar allurar rigakafi, kuma a cikin gwajin akwai shanun da ake sa wa ƙwayar cutar da gangan. Aka ɗauke ni mai kula da garken, don na san dabba kuma ina iya karanta lambar kunne.

Likita ba shi kaɗai ke da iko da wurin ba. Jami'ar na da wani kwamiti da ke bin duk mai wasa da cuta yana duba aikinsa. Sukan zo a Landiroba ba sanarwa, su leƙa ramin ƙona mushe, su girgiza waya, su tambayi inda nake wanke takalmin roba. Na tsane su a lokacin. Nakan kwaikwayi tafiyar shugabansu, wani dattijo mai tabarau, in ba leburori dariya. Shi ne ya tsayar da ni wata rana ya ce da Hausarsa ta birni, "Malam, na ji kai mahauci ne. To a nan ka manta da wuƙa. Duk mai jan ƙaho, ko ta faɗi ko ta mutu, ba a yankawa, ba a fiɗewa. Jininta kada ya taɓa ƙasa. Rami, wuta, farar ƙasa." Na ce to, a raina ina cewa mutumin da bai taɓa ganin yunwar damina ba ne.

Wata safiya da damina, likita yana can jami'a, hanya kuma ta lalace, babban farin bijimin garken ya ƙi kiwo. Kafin rana ta ɗaga yana rawar jiki, ya gurfana, numfashinsa na fita da ƙyar. Ɗaya daga cikin leburorin ya hau keke ya kai labari gari, don a wurinmu haka ake yi. Dabba in ta faɗi, ba a tsayawa tambayar na wane ne. A riga mutuwa sa wuƙa, a yi watanda, kowane gida ya sami kaso, daga baya a daidaita da mai ita. Wanda ya tsaya kallo har ta mutu, shi ne ya yi asarar.

Da na hango su tafe, Baffa a gaba da wuƙaƙe a jakar fata, wasu da kwanuka, sai na shiga cikin shingen na datse ƙofa da kwaɗo, na jefa makullin cikin aljihu.

"Buɗe mana, ɗan nan," in ji Baffa. "Ka ga idonsa ya fara juyawa."

"Baffa, wannan ba na ci ba ne. Cuta aka sa masa."

"Cuta? Wace cuta ta fi ƙarfin tukunya? Kai da kanka ka ci wanda ya fi wannan lalacewa, ga ka nan har da gemu."

Aka yi dariya. Wani maƙeri ya ce, "Ku bi shi a hankali, yanzu shi ma dokta ne. Dokta mai kwashe kashin shanu."

Na ce, "Jininsa ma in ya zuba a ƙasa, shanun da za su yi kiwo a nan gaba za su ɗauka. Haka aka ce mini."

"Aka ce maka," Baffa ya maimaita. "Ni mi na ce maka tun kana yaro? Ko nawa faɗin ya tsufa?"

Na koma gefen bijimin na tsuguna, nesa kaɗan da bakinsa. Aka aika aka kira liman. Ya zo ya dafa waya ya ce almubazzaranci haramun ne, cutar da jama'a ma haramun ne, sai a duba wanda ya fi nauyi. Baffa ya ce, "Malam, kafin ka gama aunawa ya zama mushe." Gaskiya ya faɗa, kuma abin da nake jira ke nan. Dokar jami'a ba ta da ƙarfin tsayar da mutanen nan, amma na san da zarar rai ya fita babu Musulmin da zai miƙa kwano.

Jiran ya yi tsawo. Mata suka iso da yara a goye. Wata tsohuwa ta ce jikanta bai ga nama ba tun Babbar Sallah, ta tambaye ni ko uwata ba ta taɓa jin yunwa ba. Samari suka fara jijjiga turken waya. Baffa ya hana su, ya ce shi ba ɓarawo ba ne, ɗansa zai buɗe masa da hannunsa. Sannan ya sassauta murya ya kira ni da sunan da yake kirana ina ƙarami, ya ce, "Dubi jama'a. Kada ka kunyata ni."

A nan ne bakina ya ci amanata. Na ce, "Baffa, kwaɗayi ne ya kawo ka, ba jama'a ba."

Baffa ya dube ni, ya mayar da wuƙar da ya zaro cikin jaka, ya tsaya bai tafi ba. Yana tsaye har bijimin ya miƙe ƙafafu ya daina motsi, baƙin jini ya ɗan tsattsafo daga hancinsa. Liman ya ce, "To, ya zama haram." Mutane suka kife kwanukansu suka juya.

Ni da leburori muka sa safar hannu muka ja shi zuwa rami da igiya, muka haɗa da ƙasar da hancinsa ya taɓa, muka jibga itace da kananzir. Iska ta kwashi ƙaurin ta kai cikin gari, har aka daɗe ana kirana mai yi wa ƙasa balangu.

Da hanya ta bushe kwamiti ya zo. Na zaci za a yaba mini. Dattijon mai tabarau ya zura sanda a ramin ya ce zurfin bai isa ba, a ƙara farar ƙasa, a kewaye wurin. Ya kuma yi wa likita faɗa a gabana kan barin garke ba wani babba a kusa, har aka dakatar da gwajin sai da aka gyara. Ko cutar ce ta kashe bijimin, ko wani abu ya ci a ciyawa, babu wanda ya taɓa gaya mini. Masu cewa na ƙona lafiyayyen nama suna nan har yau, kuma ba ni da takardar da zan nuna musu. Ban taɓa neman ta ba. Wanda bai sani ba ko akwai guba a rijiya, ba ya gwadawa da 'ya'yan mutane.

Baffa ya daina amsa gaisuwata. Da aka yi watandar Sallah a gidanmu, ba a aiko wa matata da kaso ba. Na ɗauki goro na tafi na durƙusa a zaurensa, yana wasa wuƙa a dutse.

"Baffa, na zo neman gafara. Kalmar da na faɗa maka ƙarya ce, kuma ko gaskiya ce ba ni da bakin faɗarta."

Ya ci gaba da wasawa. Can ya ce, "Kalma na yafe. Bijimin fa?"

Da a ce na amsa cewa na yi kuskure, da a ranar za mu ci tuwo a kwano ɗaya. Na san haka sarai. Na ce, "Bijimi kam, Baffa, ko gobe wani ya faɗi, haka zan yi."

Ya gwada kaifin wuƙar a farcensa, ya ɗauki goro ɗaya, ya turo mini sauran. Daga ranar yana amsa gaisuwata, ya zo sunan 'ya'yana, amma har ya koma ga Allah bai ƙara miƙo mini wuƙa in yi masa yanka ba.