Ram Ɗin Shu'aibu Ba Jabu Ba Ne

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan, ina buɗe shago ko fanka ban kunna ba, aka kira ni aka ce Shu'aibu Injiniya ya rasu.

Na ce wane Shu'aibun? Aka ce naka, mai gyaran kwamfuta. Motarsu ta yi hatsari jiya da yamma a hanyar Kwali, ya cika da asuba a asibiti.

Jiya-jiyan nan fa yana tsaye a inda nake zaune yanzu.

Waɗanda suka san ni sun san ba na rubutu mai tsawo, kuma ba na ba da haƙuri da sauƙi. Daga sayar da katin waya a bakin titin Kurudu na taso, sakandare kawai na yi, yau ina da situdiyon haɗa bidiyon biki a Kado. Ba wanda ya ɗora ni sai Allah. Amma yau dole in yi magana, don na ɓata wa mutumin nan suna a bainar jama'a, kuma a bainar jama'a zan wanke shi.

Shekara da shekaru shi ke duba mini injina. Ɗan asalin Kwali ne, Hausarsa irin tamu ta Abuja, a bakinsa mace ta zama namiji, namiji ya zama mace, ba ruwansa. In ya dawo daga gida sai ya ajiye mini doya a bayan ƙofa ba tare da ya ce komai ba.

Akwai lokacin da hadis ɗina, wato ma'ajiyar da kwamfuta ke adana aiki, ya mutu da bidiyon wata amarya a ciki. Kwana biyu ya yi a kai har ya ceto shi. Da uwar amarya ta zo tana sa mini albarka, ni na karɓe yabon duka. Yana gefe yana naɗe waya, ko ɗago kai bai yi ba.

To ga abin da ya haɗa mu.

Babbar kwamfutar da nake aiki da ita, ni da kaina na yi mata overclock. Wato na shiga bayos, can cikin saitinta, na tilasta mata gudu fiye da yadda kamfani ya tsara. A intanet na koya, ba wanda ya nuna mini. Shekara biyu tana gudu lafiya, duk wanda ya shigo sai na nuna masa.

Watan jiya na ce Shu'aibu ya ƙaro mini ram, 'yan katunan nan da ke ba kwamfuta ƙarfin ɗaukar aiki, don aiki ya yi yawa. Da ma guda biyu ne a ciki, ya kawo biyu ya ƙara, suka zama huɗu.

Daga ranar ta canza hali.

Ina tsakiyar aiki sai in ji ƙas, allo ya yi baƙi, fankokinta su yi tsit, sai ta tashi da kanta kamar ba abin da ya faru. Ba saƙo, ba gargaɗi. Wata rana sau ɗaya, wata rana sau biyar. Akwai ranar da na fita sallar azahar na bar ta a kan bidiyon wani ango, na dawo na tarar da ita tana jiran fasuwod, kamar wani ya zauna a kujerata ya tashi.

Na kira shi. Ya zo ya duba, ya ce, "Oga, ram ɗin nan ba ta da laifi. Gudun da ka sa mata ne. Da biyu yana iya ɗauka, da huɗu ba ya iyawa. Mu mayar da shi yadda ya zo mu gani."

Na ce shekara biyu ina gudun nan, sai da kayanka suka shiga za ta fara? Ya ce, "Jakin da ya saba gudu da buhu biyu, ka ɗora masa huɗu, ka ce kuma kar ya rage gudu?"

Maganar ta yi mini zafi. A ranar na shiga guruf ɗinmu na masu situdiyo na rubuta cewa Shu'aibu ya sa mini ram jabu, kowa ya yi hankali da shi. Na san mutum biyu da suka daina kiransa saboda wannan rubutun.

Yana cikin guruf ɗin. Ya karanta.

Washegari sai ga shi da farin salatif da biro. Ya ciro ram ɗin duka huɗu, ya manna wa kowanne lamba, ɗaya zuwa huɗu. Haka yake aiki, abu ɗaya yake canzawa a lokaci guda, sai ya ga ƙarshensa ya taɓa na gaba. Ya mayar da saitin yadda kamfani ya yi, ya sa lamba ɗaya ita kaɗai, ya kunna wata manhaja mai gwada ram, allo shuɗi lambobi na ta gudu. Kowace rana guda ɗaya. Kwana huɗu yana zuwa, ina gaishe shi da ƙyar.

Duka huɗun suka wuce ba kuskure. Na ce ai ɗaya-ɗaya ne, a haɗe suke nuna halinsu.

Jiya da safe ya haɗa su duka, ya kunna gwajin. Ya ce, "Oga, zan je gida a haƙa doya, jibi zan dawo. Ka bar shi ya kwana a kan sola. Don Allah kar ka taɓa." Na ce to Injiniya, mu gani a ƙasa. Ko hannu ban ba shi ba, ina danna waya.

Da la'asar ya turo mini saƙon murya, minti shida. Na gani na ƙi buɗewa.

Yau bayan an kira ni, na daɗe a zaune. Shagon shiru, sai ƙarar fankar injin. Allon nan shuɗi yana ta ƙirga abin da ya sa shi ƙirgawa, mai shi kuwa yana kwance an rufe masa fuska. Na ɗauki waya na danna saƙon.

Ana jin ƙugin mota, da wata mata tana ciniki da kwandasta. Sai muryarsa, kamar yana bayana.

"Oga, in ka shiga shago da safe, kalli allon, gefen dama. Wajen error, inda yake ƙirga kuskure. Nawa ka gani?"

Ya yi shiru, daidai lokacin da zan ɗaga kai in duba. Sifili.

"Sifili ko? To. Yanzu ka shiga bayos ka mayar da gudunka na da. Shi kaɗai. Kar ka ƙara komai."

Na tsayar da saƙon na shiga. Wallahi ina cikin yi zuciyata ta ce in ɗan ƙara mata wuta kaɗan, wato voltage, ko za ta riƙe, ko zan fita kunya. Hannuna na kan wajen na sake danna saƙon, sai na ji ya yi dariya ya ce, "Cire hannunka daga voltage, Oga. Na san can za ka."

Na waiga. Ƙofa a rufe, ba kowa.

Ni ba mai camfi ba ne. Na san sanin hali ne kawai, ya san ni fiye da yadda na ɗauka. Amma na cire hannun.

Na mayar da guduna, na buɗe bidiyon da nake haɗawa. Ko minti goma ba a yi ba, ƙas. Allo ya yi baƙi. Fuskata kawai nake gani a ciki.

Na ƙarasa saƙon. Ya ce in ta ɗauke, in zare wuta, in ciro ɗan batirin nan mai kamar kwabo da ke can cikin injin, don ta manta saitin. Ya ce, "Ka riƙe shi sakan talatin. Kai ba ka da haƙuri, bari in jira tare da kai."

Sai ya yi shiru.

Sakan talatin cur. Ina riƙe da batir a tafin hannuna, ina jin numfashinsa a waya, mota na tafiya da shi. Ban taɓa jin tsawon sakan talatin ba sai yau.

Sannan ya ce, "Yauwa, mayar. Za ta zauna lafiya. Maganar guruf kuma kar ka damu, Oga, ɓacin rai ne. In ka ga dama ka goge."

Ban goge ba, kuma ba zan goge ba. Gogewa ba ta isa ba, waɗanda suka karanta sun riga sun karanta. Na bar shi a wurin, na rubuta gaskiya a ƙarƙashinsa, ga shi kuma ina faɗa a nan inda mutane suka fi yawa.

Ram ɗin Shu'aibu ba jabu ba ne. Bai taɓa cuta ta ba. Laifin nawa ne, ni na ƙi sauke girman kai, na ɗora wa bawan Allah ƙazafi. Duk wanda ya ji maganar nan daga bakina ya kai ta wani wuri, don girman Allah ya koma wurin ya gyara.

An ce bayan azahar za a yi jana'iza a Kwali. Yanzu zan kama hanya. Zan tsaya gaban mahaifinsa da 'yan'uwansa in faɗi abin da na yi da bakina, in roƙi yafiya, tunda shi ban roƙe shi ba yana da rai.

Ya Allah Ka jiƙan Shu'aibu, Ka haskaka kabarinsa, Ka sa haƙurin da ya yi da ni ya zama nauyi a mizaninsa. Ka ba iyayensa da iyalinsa juriya. Ni kuma Ka yafe mini haƙƙinsa da na ɗauka.

Jama'a, duk wanda ya karanta har nan, ya tsaya ya yi masa addu'a da sunansa kafin ya wuce. In da saura, ku sa da ni.