Alhaji Ya Ce In Rufe Komanter

Jama'a, ku ji abin da ya same ni yau a kasuwar Gidan Amumune!

Kun san shafin nan nawa na labaran noma. Tun da aka yi shuka manoma ke rubutu a komanter, wurin da masu karatu ke faɗin ra'ayinsu, wai irin waken da wani Alhaji ya saida masu bai tsiro ba. To yau ina zaune rumfar mai shayi sai ga Alhajin bisa kabu-kabu. Ko sallama babu!

Ya ce, "Yaro, rufe wurin surutun nan yanzu, ko mu gamu a jandarmeri, gaban hukuma."

Na ce, "Alhaji, duk wanda ya zage ka na goge nashi. Amma wanda ya ce gonarshi ba ta tsiro ba, wallahi ba ni taɓa shi."

Ya ce ai duk maƙiya ne, mahassada. In kawo mishi mutum guda mai mutunci cikinsu!

Bai rufe baki ba wayata portabul ta yi ƙara. Sabon komanter! Na karanta da ƙarfi, kowa na ji: "Ni ma nawa bai tsiro ba. Kuma ni ne yayanshi, uwa ɗaya uba ɗaya. Daga Kanan-Bakashe."

Mai shayi har ya zuba ruwan zafi a ƙasa!

Na miƙa wa Alhaji wayar, na ce, "Wannan ma in goge?"

Ya juya ya nemi kabu-kabunshi, ashe tuni mai babur ɗin ya ɗauki wani ya tafi. Da ƙafa ya bar kasuwa!