Kyautar da Ba a Bayarwa

Direba muke ce masa a layinmu, alhali ko keke ban taɓa ganin ya tuƙa ba. Gyaran kwamfuta yake yi a wani lungun shago ƙarƙashin matakala, bango ɗaya ne tsakaninsa da keken ɗinkina. Duk wanda ya kawo masa kwamfutar da ta daina magana, amsar ɗaya ce: direban sauti ne babu. Wai wata 'yar manhaja ce da ke haɗa kwamfuta da lasifikarta, in ba ita, injin kurum zai yi maka. Tun muna tsokanarsa da kalmar har ta bi shi.

Ba shi da mata, ba shi da abokin hira. Kujera biyu ce a shagon, ɗaya tasa, ɗaya ta tsofaffin wayoyi da matattun batura. Ni mai surutu ne, amma in na leƙa na yi masa doguwar gaisuwa, "lafiya" ɗaya zai ba ni ya mayar da kai kan allo. Da farko na ɗauka girman kai ne, har na yi fushi na daina leƙawa. Daga baya na gane bai iya ba ne kawai, sai ya riƙa ba ni tausayi.

Mutum ɗaya ke sa shi sakin baki: yayarsa, wadda ciwon suga ya tafi da idonta, tana zaune a wani gari wajen ɗanta. Akwai wata manhaja da ke karanta wa makafi abin da ke kan allo, masu sa kai ne suka haɗu suka yi ta, kowa na iya ɗauka, ya gyara, ya ba wani. Da ita Yaya ke sauraron labarai da saƙonnin jikoki. Amma duk lokacin da kwamfutarta ta yi shiru sai ta kira shi, ya rufe shago ya hau mota. In ya dawo, har da ba ni labarin hanya.

Yaya mace ce mai zuciya, ba ta son aron ido. Don haka Direba ya zauna ya ƙulle manhajar da direban sauti na wani kamfani a ƙunshi ɗaya: ka soka filas, ɗan abin ajiyar da ke ɗauke da ƙunshin, a jikin kwamfuta, ka danna maɓalli, ka jira kwamfuta ta gaishe ka. Ya aika wa Yaya, ya kuma ɗora a shafin masu sa kan. Makafi da yawa suka amfana. Aikin ya yi kyau ƙwarai, har Yaya ta daina kira.

Ana nan sai wata mata daga cikin masu kula da shafin ta cire ƙunshin daga shafin. Ta yi masa bayani cikin ladabi cewa manhajarsu ta kowa ce, amma direban na kamfani ne. Kamfanin ya yarda kowa ya je shafinsa ya ɗauka, ya danna "Na yarda" da hannunsa, bai yarda wani ya ɗauka ya raba ba. In aka bar shi a ciki, aikin gaba ɗaya zai iya shiga uku.

Ranar ce ya fara shigowa shagona da ƙafarsa. Ya tsaya kan tarin ƙyallaye, ya tambaye ni ko na taɓa jin kyautar da aka ba mutum aka hana shi bayarwa. Shi a saninsa, abin da aka ce kyauta ne ya zama naka, ka ga dama ka miƙa wa maƙwabci. Ya ga kalmar a shafin kamfanin, ya gan ta a shafin manhajar, ya ɗauka uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Na ce ni ma haka na sani, na kuma zazzaga wa kamfanin abin da ya sawwaƙa. Bai taya ni ba. Ya koma ya karanta lasisin kamfanin daga farko har ƙarshe, ya cire direban da kansa, ya ba matar haƙuri.

Ba a jima ba ɗan Yaya ya saya mata sabuwar kwamfuta, ya yi tafiyar aiki ya bar ta da ita. Tsohon filas ɗin ya ɓata. Na ce wa Direba ya tura mata tsohon ƙunshin a ɓoye, wa zai sani? Ya ce ya riga ya karanta, ba zai iya komawa wanda bai karanta ba. Dole wani mai ido ya danna mata "Na yarda", kuma shi zai je. Yana faɗa yana ƙoƙarin ɓata rai, amma ni tela ne, na san fuskar mutumin da ke jiran sabuwar riga. Har ya kawo mini wandonsa na rage masa tsawo.

Da safe ya zo da jaka, ya kira ta don ya ce ga shi nan tafe. Wayarsa mai ƙara ce, ina jin komai ta bango.

"Auta, ai an gama," in ji Yaya. "'Yar maƙwabta ta shigo aron tsintsiya, na ce ta danna mini. Ji ma yadda take zuba."

Muryar kwamfutar ta taso, tana karanta wani abu tiryan-tiryan. Ya ce madalla, ya yi kyau.

"Ba dai har ka ɗaure kaya ba?"

"A'a, Yaya. Ina shago, aiki ya yi mini yawa."

Ta sa masa albarka ta kashe. Na tsayar da kekena. Da na leƙa, yana zaune sanye da wandon da na rage, jakar tana tsakanin ƙafafunsa. Na kwashe wayoyin da ke kan ɗaya kujerar na zauna. Bai ce na tashi ba.