Ɗan dutsen tungarmu a Yantala

Shekarar da fari ya komo karo na biyu, sojoji na kan mulki, ni kuwa ban daɗe da gama jami'a ba. Tarihi na karanta. Aka ba ni tebur a wani biro, wato ofishin gwamnati, a Yamai inda ake tattara tarihin garuruwa, aka ce in fara da kantonmu, wato gundumarmu, tunda can aka haife ni. Abin da manya ke so, in na fahimce su daidai, labarin sarakuna ne da yaƙe-yaƙe. Kantonmu kuwa na manoma ne: gari guda babba, sai tungaye ƙanana da suka fita daga cikinsa, kowace da rijiyarta da rumbunanta. Ban taɓa jin wani ya ci wani da yaƙi a can ba. Nakan zauna gaban farar takarda har a tashi, ina tsoron rubuta abin da wani zai ce ba haka aka yi ba. A lokacin ba ka sanin wa ke kai magana sama, don haka gaisuwa kaɗai ke haɗa ni da abokan aiki. In an tashi in taka zuwa unguwar Yantala, inda nake hayar ɗaki guda, in dafa shayi in sha ni kaɗai.

Akwai wata al'ada a wajenmu, ban sani ba ko wasu wurare na yin ta. A babban gari akwai tsohon dutsen niƙa da ake kira uwa. Duk sa'ad da wasu gidaje suka fita don kafa tunga, sai a ba su ɗan dutse, wanda ake riƙewa a hannu a gurza hatsi da shi. Bayan kaka, tsofaffin matan kowace tunga su zo da nasu, su niƙa sabon hatsi a kan uwar, suna faɗin wanda ya fara fita, da abin da ya fitar da shi, da waɗanda aka binne a can. Iyakar tarihinmu ke nan, a bakin mata, sau ɗaya a shekara. In tunga ta watse, wanda ya fita ƙarshe shi ke mayar da ɗan dutsen. Daga ranar wurin ya zama kufai, gonakinsa kuma su koma hannun babban gari.

Wata ranar Laraba na dawo daga aiki na iske Gwaggo, yayar mahaifina, zaune a ƙofar ɗakina da tabarma da ƙwarya da wani ƙunshi. Tun rasuwar mahaifina ina lakwal, makarantar boko, ita ke tsaye a gidanmu. Ta rame har sai da ta yi magana na tabbata ita ce. Bayan ta sha ruwa ta gaya mini tungarmu ta watse: wasu sun yi kudu, wasu na hayin kogi a Kirkissoye, ita ce ta fita ƙarshe. Na tambaye ta ko ta biya ta babban gari.

"Na biya ta bayansa," in ji ta. Ta kwance ƙunshin. Ɗan dutsen ne, baƙi, ya sha hannu har yana sheƙi.

Na ce, "Gwaggo, ai ina jin kamar ya kamata a mayar."

"Kamar? Ko a biro da kamar ake biyan ka?" Ta tura shi ƙarƙashin gadona.

Na bar mata ɗakin na koma kwana a tsakar gida. Ba ta jin Zabarmanci, masu gidan kuma ba su jin Hausa sosai, sai ta wuni tana kallon bango. Mutum ɗaya ke sa ta dariya, wata maƙwabciyarmu mai aikin jinya, Kirista ƴar wajen Maraɗi. Ranar da ta ga dutsen ta tafa hannu ta ce, "Inna, mutane na gudun yunwa da awaki, ke da dutse? Miya za mu yi da shi?"

"Ke da kika zo Yamai da allura fa? Wa kika taɓa ƙosarwa?"

In mai jinyar ta tafi aiki gidan ya koma shiru. Ni ma ba gwanin hira ba ne. Wani lokaci nakan tambaye ta yadda aka kafa tungar. Yau ta ce rikicin rijiya ne ya fitar da kakanmu, gobe ta ce saniyarsa ce ta ɓace ya bi ta har fadama ya ga wurin ya yi masa. In na ce, to wanne ne, sai ta ce ba a faɗin wannan da hannu wofi, sai ana niƙa. Hatsin niƙa kuwa babu. Abin da nake samowa a kasuwar Petit Marché garin masara ne na taimako da ɗan busasshen kifi.

Da sanyi ya shigo gwamnati ta yi shelar noman rani. Rediyo safe da yamma maganar ke nan: kowa ya koma garinsu, za a gina rijiyoyi a fadamu, a shuka kabeji da albasa da dankali. Fadamar da ta fi ruwa kusa a kantonmu ta tungarmu ce. Na san wani zai zo, kuma ya zo: ƙanen maigarin babban gari, tsoho, taubashin Gwaggo. Na shimfiɗa masa tabarma, ya zauna yana huci don daga tasha a ƙasa ya zo.

"Ina ɓarauniyar dutse?" in ji shi.

Gwaggo ta leƙo daga ɗaki. "Wa ya bar wanga bawa nawa ya shigo birni da wagga riga? Za a ce daga wajenmu kake."

Suka yi ta yi har ya sha fura. Sannan ya gyara zama ya daina dariya. Ya ce mutane na nan a babban gari ba su da abin sa wa a baki, fadama na kwance ba mai taɓa ta, don ba wanda zai sa fartanya a ƙasar tungar da ba a mayar da dutsenta ba. Komandan yankin soja ne, ya ba da wa'adi, in ba a raba fadamar ba zai kai rijiyoyin wani kanto. Sai ya juyo gare ni.

"Kai ɗana, ma'aikacin gwamnati ne. In komanda ya tambayi abin da ya tsai da aiki, mi zan ce? In ce dutsen yana ƙarƙashin gadon wani mai biro a Yantala?"

Ba na jin barazana yake yi. Ina ganin tsoro ne irin nawa ke cin sa. Amma na san yadda ake kiran mutum a yi masa tambaya ɗaya ya kwana uku bai dawo ba. Na ce, "Baba, a ba mu ɗan lokaci, wataƙila a samu hanya."

Gwaggo ta ce, "Tunga ba ta mutu ba, mutanenta sun tafi neman abinci. Gida ɗaya ya koma, ta farfaɗo."

"To kawo gida ɗayan," in ji shi. Ya ce zai sauka wajen wani ɗansa har Jumma'a ta sama.

Ni aka aika neman gida ɗayan. In an tashi daga aiki in ƙetare gada zuwa Kirkissoye, inda mutanenmu suka kafa bukkoki na kara da buhu a bayan gidajen mutane. Sun karɓe ni da mutunci, irin wanda ake yi wa baƙo. Wani da muka yi kiwon awaki tare muna yara ya riƙa ce mini "Mushe", yadda ake kiran manyan ma'aikata da Faransanci, ya ƙi zama sai da na zauna. Ya fara sayar da ruwa a garwa, ya ce ko banza a nan yara na cin abinci sau ɗaya a wuni. Wani na dako a kasuwa. Wata ta ce ta binne ƴaƴa biyu a hanya, ba ta sake bin ta da sauran. Ban iya yi wa kowa gardama ba. Nakan tsaya a kan gada in ina komowa, in dubi kogin da ya janye har yara na wasa a tsakiyarsa, in rasa wanda zan gaya wa abin da na ji.

Da na gama zagaye na faɗa wa Gwaggo ba wanda zai koma. Ta ce, "Kai fa?"

Na fara yi mata bayani: wanda gwamnati ta karantar ba ya barin aiki haka nan, ana iya ɗaukar sa mai tawaye, kuma albashina ne ke ciyar da mu, ga shi rabona da fartanya tun ina yaro. Ta ɗaga hannu.

"Na sani. Na tambaya ne don in an tambaye ni in ce na tambaya."

Ranar Alhamis tsohon ya dawo. Na ɗauka za ta miƙa masa dutsen, har na fara jin sauƙi, ina kuma jin kunyar sauƙin. Sai na ga ta naɗe tabarmarta.

"Ga gida ɗaya," in ji ta, ta dafa ƙirjinta.

"Ke? Ke ɗaya ba gida ba ce, tsohuwa."

"In na hura wuta hayaƙi bai tashi? Ku zo ku noma fadama, na ba ku aro. Aro, ka ji? Duk wanda ya sa fartanya ya zo ya gaishe ni, ya san ƙasar wa yake ci. In ya cire albasa ya ajiye mini tawa."

Ya kama haɓa yana kallon ta. Ya ce bai taɓa jin an yi haka ba, amma bai taɓa jin an hana ba. Komanda dai rijiya yake son ginawa, ba ruwansa da mai ƙasa. Ni na kawo maganar kura, da rashin lafiya, da nisan likita. Mai jinyar ta ƙulla mata magunguna a ƙyalle, ta ce, "Inna, in dutsen ya haihu a aiko mini ɗaya." Gwaggo ta ce sai ta biya kuɗin ungozoma.

Na raka su tasha da safe. Aka ɗora ta bayan kamiyo, babbar motar kaya, a kan buhuna, ƙunshin a cinyarta. Na miƙa mata ɗan abin da na samu. Ta ce in riƙa cin abinci, in kuma nemi matar aure, ɗakina ya yi shiru da yawa. Motar ta tashi. Na wuce biro don kada a ce na makara.

Ta yi damina uku a can ita kaɗai, in ban yi kuskure ba. Sau ɗaya na samu izinin zuwa, sauran labari daga bakin matafiya nake ji. Rasuwarta ma a Petit Marché na ji, wajen wani mai albasa, bayan an yi sadakar bakwai.

Bayan wata damina tsohon ya sake zuwa Yantala, ya ƙara tsufa. Ya ce ba a mayar da dutsen ba. Masu aron fadama sun gaji da tafiya da komowa, sun kafa bukkoki kusa da tata, wata surukarsu ce ke jinyar ta a ƙarshe, a hannunta ta bar shi. Bayan kaka matar ta kai shi kan uwa ta niƙa, ta faɗi labarin kakanmu, na saniyar. Yanzu dattawa sun rabu biyu: wasu na cewa tungarmu ce ba ta mutu ba, wasu na cewa sabuwa ce ta gaji tsohon dutse. Tunda ni na karanta tarihi, kuma jinin wurin ne, suna son jin ta bakina.

Na tambaye shi ko cikin mazauna wurin akwai wanda zai gane ni in na je. Ya yi tunani, ya ce ba ya jin akwai, amma za su ba ni ruwa.

Na ce a ba ni lokaci in duba.